Masu niyyar zuwa Legas daga Kaduna, ku lura da wannan

Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah kada ku auna tafiyar mota da lissafin jirgi. Ta sama, tsakanin Kaduna da Legas kimanin kilomita 630 ne, awa ɗaya da 'yan mintuna an sauka. Amma a mota, in aka bi ta Abuja da Lokoja, ya haura kilomita 900, ga cunkoson tireloli, ga shingayen bincike. Yini guda cur ake ci, wani lokaci har dare.

In da tsofaffi ko yara, a tashi da an idar da Asuba, kada a yarda da tafiyar dare. Masu jirgi kuwa, filin yana can bayan Mando, ku fita gida da wuri.