Idan takardar zaman juri ta same ki kina renon yara a gida

'Yar'uwa, abu na farko shi ne kada ki cusa takardar nan a durowa ki ce sai ta sake zuwa. Mu da muka taso a gida mun saba alƙali ke sauraron shari'a ya yanke hukunci da kansa. A Amurka kuwa ana ɗebo mutanen gari ne, daga rajistar masu zaɓe da ta masu lasisin tuƙi, su zauna su saurari shaidu su ce mai laifi ne ko ba mai laifi ba. Wannan shi ne juri, kuma takardarsa sammaci ce ta kotu. Wanda ya yi biris da sammacin kotun tarayya zai iya shan tarar da ta kai dala 1,000, ko ɗaurin da ya kai kwana 3. Uwa mai goyo tana da hanyar samun uzuri, amma sai ta buɗe baki ta nema.

Ki fara duba saman takardar ki ga wace kotu ce ta aiko, domin dokar tarayya daban, ta kowace jiha daban. Ni a Teksas nake, kuma a nan abin da sauƙi: idan kina riƙe da yaro ɗan ƙasa da shekara 12, kuma zuwanki kotu zai bar shi ba mai kula da shi yadda ya kamata, doka ta ba ki damar neman a ɗauke miki. A jikin takardar akwai gurbin da za ki sa alama, ki sa hannu, ki mayar. A Filorida, mai juna biyu da kuma uwa ko uban da ba ya aikin cikakken lokaci kuma yana riƙe da yaro ɗan ƙasa da shekara 6, ana sallamarsu idan sun nema. Kalifoniya ba ta yanke shekaru haka ba, sai kin nuna cewa ke ce mai kula da yaron kuma samun madadinki zai jefa gidan cikin matsin kuɗi. A Kalifoniyar kuma mai shayarwa za ta iya neman a ɗage mata har shekara guda. Kotunan tarayya suna aiki da dokar zaɓen juri ta 1968, wadda ta yarda a yi uzuri saboda matsananciyar wahala, kowace gunduma kuma tana da nata tsarin. Saboda haka abin da ya yi wa ƙawarki ta Niyok aiki ba lallai ya yi miki ba.

Inda na ga mata da yawa suna tuntuɓe shi ne wajen rubuta dalili. Mace ta rubuta "ni matar gida ce" ta tsaya nan. Ma'aikacin kotu ba zaman gidanki ya dame shi ba, tambayarsa ɗaya ce: ranar Litinin da ƙarfe takwas na safe, wa zai riƙe yaran? To ki amsa masa wannan. Ki faɗi yara nawa ne da shekarun kowanne. Ki faɗi cewa maigida yana fita aiki tun asuba sai dare, ko yana tuƙin babbar mota ya kwana a hanya. Ki faɗi cewa iyayenki da 'yan'uwanki suna wata ƙasa, wanda shi ne gaskiyar yawancinmu. A gida da tuni kaka ko ƙanwa ta karɓi jaririn, a nan kuwa maƙwabciyarki ma ta tafi aiki. Sannan ki kawo lissafi: kotun tarayya tana biyan dala 50 a rana, Kalifoniya dala 15 daga rana ta biyu, ki ajiye wannan kusa da kuɗin da gidan reno na unguwarku ke karɓa kan yara biyu. Layi biyar ko shida sun isa. Ki haɗa da kwafin takardar haihuwar ƙaramin, ki rubuta lambarki ta juri a kan kowace takarda, ki ɗauki hoton komai da waya kafin ki aika. Yawancin kotuna yanzu suna karɓa ta intanet.

Ki aika a makon da takardar ta zo. Kuma aikawa ba ita ce amsa ba: sai kin ga saƙon kotu cewa an sallame ki ko an ɗage, in ba haka ba ranar tana nan. Idan shiru ya yi yawa, ki kira lambar da ke jikin sammacin. Idan an ƙi, ki nemi a ɗage zuwa lokacin da yaran ke makaranta, ko ki je ranar ki yi wa alƙali bayani da bakinki. Kada dai ki ɗauki yaran ki tafi da su ba tare da kin tambaya ba, kotuna da yawa ba su da wurin ajiye yara.

Don Allah kada a yi ƙarya. Na ji ana ba mata shawarar su ce ba sa jin Turanci alhali suna ji. Takardar nan rantsuwa ce, kuma uzurinki na gaskiya ya wadatar. Wadda kuma ba ta zama 'yar ƙasa ba tukuna, mai katin zama kawai, ita ma takardar kan zo mata saboda lasisin tuƙi. Ta sa alama a gurbin da ya ce ba 'yar ƙasa ba ce ta mayar, domin da'awar zama ɗan ƙasa bisa ƙarya na iya rushe maganar takardunta gaba ɗaya.

Duk wanda ya kira ki a waya ya ce kin tsallake juri, ki biya tara yanzu da katin kyauta (gift card) ko a zo a kama ki, ɗan damfara ne. Kotu ba ta karɓar kuɗi ta haka. Ki kashe wayar ki kira ofishin kotun da kanki.

Uba mai zaman gida da yara, duk wannan naka ne kai ma, dokokin Teksas da Filorida ba su ware uwa kaɗai ba a maganar riƙon yaro.