Kafin ka ce a yi mata fomatin: kurakuran da aka fi yi da kwamfuta, imel da data

Duk wanda ya ɗan zauna a shagon gyaran kwamfuta a titin Ahmadu Bello ko wajajen Terminus a Jos ya san maganar da ta fi yawa a bakin masu kawo gyara: "Malam, ta yi nauyi, a yi mata fomatin kawai." Tun daga gida mai ita ya yanke hukunci, bai ma bari an duba ba. Fomatin kuwa yana kwashe komai, har da furojet ɗin ɗalibin da bai ajiye kwafi a ko'ina ba, da hotunan biki, da lissafin shago na shekaru. Abin takaicin ma, bayan 'yan makonni nauyin yakan dawo, domin ba a taɓa tushen matsalar ba. Yawancin ɓarnar da nake gani daga nan take farawa, a yi magani kafin a san ciwon.

Dubawar ba ta da wuya. Idan Windows kake amfani da shi, danna Ctrl da Shift da Esc lokaci guda, wani shafi mai suna Task Manager zai buɗe. Akwai layuka uku da za ka sa wa ido: CPU (sashen da ke sarrafa aiki), Memory (wurin riƙe aikin da ake kan yi, wato RAM) da Disk (ma'ajiyar fayiloli). Wanda ka ga ya tsaya a kashi 90 ko 100 ya ƙi sauka, shi ne mai laifin, kuma kowanne da irin maganinsa.

Idan Memory ne ya cika, to RAM ne ya yi kaɗan ga aikin da ka ɗora. A nan mutane da yawa ke shan wahalar banza: sai ka ga mutum ya kwana yana goge hotuna da waƙoƙi wai don kwamfuta ta yi sauri. Hotunan a ma'ajiya suke zaune, ba su taɓa RAM ba. Ɗauki misalin tela. Ma'ajiya ita ce kabad ɗin da yake jibge yadudduka, RAM kuma teburin da yake yanka a kai. Ko ya kwashe rabin kayan kabad ya kyautar, teburin bai ƙara faɗi ba. Abin da zai taimake shi shi ne ya rage kayan da ya baza a kan teburin, ko ya sayi babba. Saboda haka a rufe shafukan burauza da aka bari a buɗe birjik, domin kowane shafi yana riƙe da rabonsa na RAM ko ba ka kallonsa. A shiga sashen Startup a cikin Task Manager ɗin a kashe manhajojin da ke tashi da kansu da zarar an kunna kwamfuta. Idan duk an yi wannan abin bai sake zani ba, kuma RAM ɗin gig 4 ne, a ƙara shi ya kai 8 in kwamfutar na karɓa. Wasu ƙananan laftof an like nasu a jikin allon ciki, ba a iya ƙarawa, don haka a tambaya kafin a sayi komai.

Manhajojin nan da ke tallata kansu da cewa suna "wanke" RAM ko ƙara gudu, a kwamfuta ko a waya, ban ga amfaninsu ba. Su kansu RAM suke ci, ga tallace-tallace da suke cusowa. Haka nan sa anti-bairos biyu ko uku a kwamfuta ɗaya: junansu suke bincike, kwamfutar ta rasa numfashi. Windows 10 da 11 suna zuwa da nasu mai suna Microsoft Defender, kuma ya wadatar da mai amfani na yau da kullum muddin ana barinsa ya sabunta kansa.

In kuwa Disk ne ke tsaye a 100, galibi tsohon faifan ajiya ne mai juyawa ya gaji. Sauya shi da SSD, wato ma'ajiyar zamani marar juyawa, shi ne gyaran da ya fi kowanne nuna bambanci a tsohuwar kwamfuta. Wadda ake kunnawa a je a yi alwala a dawo ba ta gama tashi ba, sai ka ga ta tashi nan da nan. Mai shirin sayen kwamfuta ta hannu kuma ya tuna cewa Microsoft ya daina ba Windows 10 sabuntawar tsaro ta yau da kullum tun 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 ba ya hawa kowace tsohuwar na'ura. Yana neman aƙalla RAM gig 4, ma'ajiya gig 64, da wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0. A sa mai sayarwa ya nuna maka wannan a gabanka kafin kuɗi ya bar hannunka.

Akwai wani ƙaramin abu da ba kowa ya sani ba. Danna Shut down ba ya wanke ƙwaƙwalwar Windows gaba ɗaya, saboda wani tsari na saurin tashi da ke adana wani ɓangaren aikin don gobe. Restart ne ke farawa daga tushe. Shi ya sa za ka ga mutumin da ke kashe kwamfutarsa kowane dare, amma Task Manager na nuna ta yi makonni a kunne. Duk lokacin da sauti ya ɗauke, ko firinta ta ƙi amsawa, ko Wi-Fi ya ɓace, a fara da Restart.

Mu a Jos sanyin gari yana sa mu manta cewa laftof na iya shan zafi. A watan Disamba da Janairu mutum na cikin bargo, laftof na kan katifa, ƙofofin iskar da ke ƙasanta duk sun toshe. Ga ƙurar hunturu da ke taruwa a fanka kamar auduga. Idan na'ura ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, in abin ya yi yawa ta mutu farat ɗaya. Fanka mai ƙara ba hutawa alama ce. A ɗora ta kan tebur ko faranti mai faɗi, a kai a buɗe a share ƙurar bayan hunturu. Da damina kuma, idan hadari ya haɗu ana walƙiya, a zare caja daga bango. Haka in an ɗauke wuta: dawowarta da ƙarfi ce ke kashe caja da allon ciki, don haka mai kwamfutar tebur ya nemi sitabilaiza ko UPS, na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci in an ɗauke.

Filashin da ya je shagon buga takardu ya dawo fayilolinsa duk sun koma gajerun alamomi masu ɗan kibiya, kada a yi saurin yi masa fomatin. Bairos ɗin ɓoye fayilolin ya yi, bai goge su ba. Kada ka danna alamomin, domin dannawar ce ke sa shi ya shiga kwamfutarka. A fara bincike filashin da anti-bairos, sannan a buɗe Command Prompt, shafin rubuta umarni na Windows, a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* idan E ne harafin filashin, fayilolin za su bayyana.

Maganar damfara ta imel ita ce ta fi ci mini rai, domin asarar kwamfuta ana mayarwa, amma kuɗin da ya fita daga asusu da wuya ya dawo. 'Yan 419, waɗanda suka samo sunansu daga sashe na 419 na dokar manyan laifuka, sun daɗe da barin labarin gadon miliyoyin daloli. Yanzu saƙo ne mai tambarin banki, da Turanci mai tsabta, yana cewa za a rufe asusunka cikin sa'o'i 24 in ba ka sabunta BVN ba. Ko takardar ɗaukar aiki a wata hukumar gwamnati, ko tallafin karatu, ko kujerar Hajji mai rahusa. Dukkansu abu biyu suke taɓawa, tsoro ko kwaɗayi, kuma dukkansu suna so ka yi sauri. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa; aikin da ba ka nema ba ba zai biyo ka ta imel yana neman kuɗin fom ba.

Kuskuren farko shi ne yarda da sunan da ya bayyana a saman saƙo. Kowa na iya rubuta sunan kowane banki a wurin. Taɓa sunan ka ga cikakken adireshin da ke ƙarƙashinsa, ka karanta abin da ya biyo bayan alamar @ harafi bayan harafi. Hukumomin gwamnatin Najeriya galibi adireshinsu na ƙarewa da .gov.ng, ba sa ɗaukar ma'aikata ta Gmail. Linkin da ke cikin saƙo ma haka: a kwamfuta ka ɗora kibiya a kansa ba tare da dannawa ba, a waya ka danne shi ka riƙe, ainihin inda zai kai ka zai fito. Ɗan hoton kwaɗon kulle da ke gefen adireshin shafi ba shaidar gaskiya ba ce, shafukan ɓarayi ma suna da shi. Mafi sauƙi dai, kada ka shiga banki ta linkin da aka turo maka, buɗe manhajar bankin da kanka. Babu bankin da zai tambaye ka lambar sirrin katinka ko lambar OTP da aka turo wayarka, ko ta imel ko ta kira.

Ga yadda ta WhatsApp take zuwa, kuma ta cinye mutanen kirki da yawa. Waya ta yi ƙara, murya mai ladabi ta yi sallama: "Alhaji, barka da war haka. Daga ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai ne, akwai taro da daddare ta intanet. An turo maka lamba shida yanzu, karanto mini in sa sunanka." Alhaji ya duba, ga lambar kuwa ta shigo, ya karanta. Kafin ya ajiye waya WhatsApp ɗinsa ya koma hannun wani, ana bin 'yan'uwa da abokai ɗaya bayan ɗaya da sunansa ana neman rancen gaggawa. Lambar nan ita ce makullin asusun. Rigakafinta yana cikin saitin WhatsApp, wurin tabbatarwa mai mataki biyu, inda za ka sa wata lambar sirri taka ta kanka. A yi wa iyaye da kakanni wannan saitin, kada a bar su da bayani kawai.

'Yan kasuwa kuma su kula da saƙon da ke cewa "mun canza lambar asusu, a tura kuɗin kaya nan." Sau da yawa imel ɗin abokin cinikin ne aka kutsa, shi ya sa saƙon ke zuwa daga adireshinsa na gaskiya. Kira shi ta lambar da ka daɗe da sani, ka ji daga bakinsa.

Wani sakaci da ya zama ruwan dare shi ne barin mai shagon intanet ya buɗe wa yaro imel lokacin rajistar jarrabawa, ya zaɓa masa kalmar sirri, har ya sa lambar wayarsa a matsayin ta farfaɗo da asusu. Shekara ta zagayo ana neman saƙon makaranta, babu mai iya shiga. Imel naka ne, lambar wayarka za a sa, kalmar sirrin kuma kada ta zama sunanka da shekarar haihuwa, kada kuma ta zama ita ce ta Facebook. In ka shiga a kwamfutar haya, ka fita kafin ka tashi.

Wanda ya riga ya faɗa, kada kunya ta sa shi yin shiru. Ya kira bankinsa nan take a toshe kati da asusu, ya canza kalmar sirri daga wata na'urar, ya fitar da duk na'urorin da bai sani ba daga asusun, ya kuma duba saitin Gmail ko an sa a riƙa tura kwafin saƙonninsa wani wuri, domin ɓarayi kan bar wannan ƙofar a buɗe. Sannan ya kai ƙara ga 'yan sanda ko EFCC da hotunan saƙonnin. Kowa kuma ya sa wa layinsa lambar PIN. Ɓarawon waya layin yake nema fiye da wayar, saboda da shi ake shiga banki ta lambobin USSD, waɗanda ake dannawa da * da #.

Saura data. Tun da hukumar kula da sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, kowa ya fara lissafi, kuma kukan ɗaya ne: "sun shanye mini data." Kafin ka yi rantsuwa, shiga saitin waya wurin amfani da data, za ta jero maka manhajojin da abin da kowacce ta ci. Yawanci za ka tarar bidiyon TikTok, Facebook da YouTube ne a sama, sai WhatsApp da ke sauke duk abin da aka jefa a guruf, sai Play Store da Google Photos da ke aiki a ɓoye. A kashe saukewa ta kai tsaye, a rage ingancin bidiyo, a bar sabunta manhajoji sai an samu Wi-Fi. 4G ba ya ƙara wa fayil nauyi, sai dai idan manhajar bidiyo ta ga hanya a buɗe takan ɗauko hoto mafi kyau, shi kuma ya fi ci. Mai haɗa laftof da hospot ɗin waya ya shiga saitin Wi-Fi na Windows ya kunna Metered connection, in ba haka ba kwamfutar za ta ɗauka intanet ɗin gida ta samu, ta hau sauke sabuntawa har datar wata ta ƙare a zama ɗaya.

Sandunan sabis da ke saman waya ƙarfin isowar sigina daga turke kawai suke nunawa, ba sa faɗin yawan mutanen da ke kan turken. Shi ya sa a unguwanni masu cunkoso kamar Anguwar Rogo ko Gangare za ka ga sanduna cike bayan Isha'i amma shafi ya ƙi buɗewa, da Asuba kuma ya yi ta gudu. Duwatsun Jos ma suna tare sigina, layin da ke aiki a Rikkos ba lallai ya yi a Bukuru ba, don haka tambayi maƙwabta kafin ka sayi datar wata uku. Idan intanet ya tsaya cak, a duba sauran data ta danna *323#, a tabbatar layin da ke da datar shi aka zaɓa a waya mai layi biyu, a kunna yanayin jirgin sama a kashe, a duba ko an manta VPN (manhajar da ke karkatar da intanet ta wata hanya) a kunne, a mayar da saitin APN, wato saitin da ke haɗa layi da intanet, yadda ya zo. Kwamfutar da ke ƙin buɗe kowane shafi tana kukan tsaro, a dubi kwanan wata da agogonta. A tsofaffi ƙaramin batirin da ke riƙe lokaci ne kan mutu. In ka tabbata an cire maka kuɗi ko data ba bisa ƙa'ida ba, kira kamfanin layinka a 300, ka karɓi lambar ƙorafi ka ajiye. Idan ba su warware ba, ka kira NCC a 622 kyauta, ka ba su wannan lambar.