Yadda Ake Ziyartar Gidan Tarihi Na Jos Daga Zariya

Kafin ka nufi tasha, fara shiga cikin birni ka tsaya a tsohon Masallacin Juma'a da ke kusa da fadar Sarkin Zazzau. Ɗaga kai ka ƙare wa bakan gizon nan kallo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe da rufin, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a zamanin Sarki Abdulkarimu. Riƙe siffarsa a ranka, za ta yi maka amfani a gaba.

Ranar tafiya ka yi sammako. Hanyar ta bi ta Pambeguwa da Saminaka, kuma ba a son dare ya riske ka a kanta, don haka gara ka shirya kwana ɗaya a can. Ka tafi da rigar sanyi da 'yan canji na kuɗin shiga.

Da ka isa, nemi ma'aikacin da ke zagayawa da baƙi, ka ce ya fara kai ka wajen kayan Nok, wato tsofaffin siffofin mutane da aka gina da yumɓu. An buɗe gidan a 1952, a ƙarƙashin wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg. Masu haƙar kuza ne suka fara tono irin waɗannan sassaƙe-sassaƙe a 1928 a ƙauyen Nok, cikin yankin da a da ake kira Kudancin Zariya. A 1943 aka kai wa Fagg wani kai da aka samo a wajajen Jama'a, bayan wanda ya tsince shi ya kafa shi a gonar doya a matsayin mutum-mutumi. Abin da ya haura shekara 2,000 a duniya, yana gadin gona!

A nan ne nake roƙonka kada ka yi gaggawa. Zaɓi kai guda ɗaya, ka tsaya a gabansa ko da minti biyar ne. Fara da ido: yawanci mai kusurwa uku ne, an huda ƙwayar. Sauko kan hanci da baki, nan ma za ka ga huji. Cikin kan holoƙo ne, domin da yumɓu aka gina shi zagaye-zagaye kamar yadda ake gina tukunya, sannan aka gasa, kuma hujin na taimaka wa iska ta fita kada ya fashe a wuta. Daga nan zagaya gefe ka dubi gyaran gashi. Wani an yi masa tukkaye, wani kitso ne tsaf, kai ka ce jiya aka tashi daga gaban makitsiya. Ni a wajen gashin nan nake daɗewa, don shi ke nuna mini mutane ne masu son ado irinmu.

Idan da yara ka je, za su tambaya ko gumaka ne. Gaya musu sanin tarihi ya kawo ku, aikin hannun mutanen da suka iya narka ƙarfe tun zamanin da. Kada kowa ya taɓa komai, kuma ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto.

Leƙa zauren tukwane, sannan ka rage ƙarfinka don sashen gine-ginen gargajiya da ke waje, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da kuma masallacinmu na Zariya. Shiga ciki ka ɗaga kai kamar yadda ka yi a gida, ka gwada bakan gizon da wanda ka baro. Wannan yawo a ƙafa ake yinsa, saboda haka ka sa takalmi mai daɗin tafiya, ka riƙe ruwan sha, ka kammala kafin la'asar ta yi sanyi.