Yadda ake daidaita girman inji da nauyin jirgin koyo mai rimot

Tunda ana ta tambayar wane girman inji ne ya dace da nauyin jirgin koyo, ga yadda nake yi:

1. Haɗa jirgin da batir da tayoyi da duk kayan cikinsa.
2. Ɗora shi a sikeli tare da injin da kake tunanin sawa, tanki babu mai.
3. Rubuta nauyin da kilo.
4. Zaɓi inji: kilo 2.3 zuwa 2.7 yana son inji mai lamba .40 ko .46, wato cc 6.5 zuwa 7.5. Wajen kilo 3.5 sai .60. Mai lantarki kuwa, lissafa wat 170 zuwa 220 a kowane kilo.

A kula: nan ake yin kuskure. Mutum ya ga ƙaton inji ransa ya biya, sai hanci ya yi nauyi, jirgi ya fi ƙarfin ɗan koyo wajen sauka.

5. Sa farfela: 10x6 ga .40, 11x6 ga .46 (lambar farko tsawon farfela ce da inci, ta biyu kuma karkatar fuka-fukanta).
6. Don duba daidaiton nauyin gaba da baya, ɗaga jirgin da yatsu biyu ƙarƙashin fiffike, daidai inda takardar kamfani ta nuna.
7. In jela ta rinjaya, matsar da batir gaba. Kada ka tashe shi a haka ko kaɗan.