Kurakuran da Baƙo Ke Yi a Kasuwar Abinci ta Gwangjang, da Yadda Zai Kauce Musu

Kasuwar Gwangjang tana unguwar Jongno a tsakiyar Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, kuma tun 1905 take ci. Da ka sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Jongno 5-ga, ƙamshin suya zai tarbe ka tun kafin ka ga ƙofar. A ciki rumfuna ne jere a tsakiyar hanya, kowace da dogon bencinta, tururi na tashi, mata sanye da rigar girki suna ɗago hannu suna kiran masu wucewa. Yawancin kurakuran da baƙo ke yi a nan daga abu ɗaya suke fitowa: yana barin ido ya yanke masa hukunci, alhali abin da ya kamata ya sani yana cikin kaskon ne, ko cikin kwaɓin da aka yi tun da asuba.

Kuskure mafi girma, musamman ga Musulmi, shi ne ɗaukan cewa duk abin da ba a ga nama a kansa ba to babu nama a cikinsa. Abincin da kasuwar ta fi suna da shi shi ne bindaetteok. Ƙananan koren wake ake jiƙawa, a niƙa a dutsen niƙa da ke juyawa a gaban rumfar, ƙullun na gangarowa cikin roba, sannan a zuba a faffaɗan kasko mai iyo da mai har gefensa ya yi ƙaras-ƙaras. Duk wanda ya tashi da ƙosai zai ji kamar ya ga ɗan'uwa a baƙon gari. Sai dai a girkin gargajiya ana saka yankakken naman alade a cikin ƙullun, kuma da kitsen alade aka saba soya shi. Ko da rumfa ta raba nata kashi biyu, mai nama da marar nama, sau da yawa kasko ɗaya ne, mai ɗaya ne, cokalin juyawa ɗaya ne. Saboda haka tambaya biyu ake yi: me ke cikin ƙullun, kuma da wane mai aka soya. Naman alade a harshensu “dwaeji-gogi” ne. Ka sa a rubuta maka tambayoyin biyu da rubutun Koriya a takarda ko a waya tun daga masauki, domin a cikin wannan hayaniya ba wanda zai tsaya sauraren gwarancinka. Kuma ka lura, da yawa daga masu sayarwa idan ka ce “nama” kawai, tsoka suke fahimta. Kitse, romon ƙashi da tsiran alade ba sa shiga lissafinsu, ba don yaudara ba, haka suka saba ne. Sai ka ambaci kowanne da sunansa.

Akwai abubuwan da ba sai an yi tambaya ba. Wannan doguwar abu mai kauri, baƙi-baƙi, da ake naɗewa a cikin tukunyar turara ana yanka ta zagaye-zagaye, sunanta sundae: hanjin alade ne da aka cusa wa jini da siririyar taliya. Jokbal ƙafar alade ce. Mandu kuwa, wato ƙullin fulawa mai abu a ciki, ko da an ce maka na kimchi ne, wato tsamin kabeji mai yaji, kusan kullum akwai niƙaƙƙen alade a ciki. Akwai kuma lungu guda a kasuwar da ya shahara da yukhoe, ɗanyen naman sa da aka yanka siri-siri aka ɗora masa gwaiduwar ƙwai. Ba alade ba ne, amma ba yankan Musulmi ba ne, kuma ɗanye ne. Baƙon ciki ma kaɗai ya isa dalilin wucewa. Mai son nama da kwanciyar hankali ya nufi unguwar Itaewon, wajen babban masallacin Seoul da aka buɗe a 1976, inda gidajen abincin halal suke.

Wasu kuma da sun ji wannan sai su yi kuskuren da ke ɗaya gefen, su zagaye kasuwar da yunwa su fita ba su ɗanɗana komai ba. Wannan asara ce. Akwai rumfunan da ke zuba shinkafa da sha'ir a babban kwano su tara ganyaye iri-iri a kai, a gabanka ake ɗiba, kana iya nuna wanda kake so da yatsa. Akwai hobakjuk, kunun kabewa mai kauri da ɗan zaƙi, da patjuk na jan wake. Ƙananan naɗin shinkafa da ake kira mayak gimbap galibi karas ne da tsamin radish (wata saiwa mai kama da karas) a ciki, an shafa musu man riɗi, duk da haka ka duba kan naɗin kafin ka saya, domin manyan gimbap suna zuwa da tsiran alade. A lokacin sanyi ga gasasshen dankalin hausa da dafaffiyar masara a bakin titi.

Sai batun abin sha, wanda ya fi kama mutane ba shiri. A teburin bindaetteok za ka ga ana zuba wani farin ruwa mai kauri daga kwalba ko butar ƙarfe zuwa cikin ƙananan kwanoni. Makgeolli ke nan, giyar shinkafa ce, kuma maƙwabcinka na benci yana iya miƙo maka don karamci. Ka sa hannu biyu ka ƙi cikin fara'a, ba za a ji haushi ba. Wanda ake sha ba damuwa shi ne sikhye, ruwan shinkafa mai zaƙi da ƙwayoyin shinkafa ke yawo a cikinsa, da kuma sujeonggwa, jan ruwan kirfa da citta da ake sha da sanyi.

Game da tteokbokki, wato sandunan kwaɓin shinkafa da ake dafawa a jar miya, kuskuren na zato ne. Mutuminmu yana ganin jar miya tana tafasa sai ya gyara zama yana jiran yaji na gaske, sai ya ji zaƙi ya riga barkonon isowa. Gochujang, kwaɓin barkonon da ake yin miyar da shi, yana da zaƙi tun asali, kuma ana ƙara sukari. Su kansu sandunan shinkafar tauna suke so, suna da danƙo, ba sa narkewa a baki. In ka san haka tun farko za ka ji daɗinsa. In ba ka sani ba za ka ce bai dahu ba. Abin lura a nan shi ne rumfar da ke sayar da shi tare da sundae, domin almakashi ɗaya da ludayi ɗaya ke yi wa duka biyun hidima.

A wajen kayan zaƙi ne na fi ganin mutane suna sakin jiki, kuma nan ma akwai abin sani. Hotteok kwaɓin fulawa ne da aka cusa wa jan sukari da kirfa da dakakkiyar gyaɗa, a ɗora a kasko a danne da wani ƙarfe mai faɗi har ya baje. Ana miƙo shi a ninke cikin kofin takarda, bayansa kamar ya huce, amma sukarin da ke ciki ya narke yana tafarfasa. Wanda ya kai masa cizo kai tsaye zai ƙona harshe, ruwan kuma ya zubo masa a riga. Ka ɗan gutsuri gefe, ka bar tururin ya fita, ka jira. Mai ƙyamar gyaɗa a jiki ya nisance shi, da ma irin na birnin Busan da ake cika wa ƙwayoyi irin su 'ya'yan kabewa da gyaɗa. Bungeoppang kuma siffar kifi kawai gare shi, ba kifi a ciki, jan wake ne mai zaƙi, kuma da zafinsa ake ci. In ya kwana a leda ya zama tsumma.

Kayan zaƙin gargajiya, waɗanda ake kira hangwa gaba ɗaya, su ne ake yi wa rashin adalci. Yakgwa, mai siffar fure da launin zuma, fulawa ce da man riɗi da citta, a soya a hankali sannan a jiƙa a zuma ko ruwan zaƙin shinkafa. Yana da nauyi, an yi shi ne a ci ɗaya ko biyu da shayi marar sukari. Wanda ya zauna ya cinye leda guda da lemon kwalba ba zai ƙara waiwayarsa ba, kuma laifin ba na yakgwa ba ne. Yugwa kuwa kumburarre ne, ba nauyi, yana rugujewa a baki, an lulluɓe shi da fashasshiyar shinkafa. Dasik ƙanana ne da ake matsawa a cikin zubin katako, garin hatsi ko baƙin riɗi da zuma. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a girkin asali na yakgwa da yugwa ana ɗan zuba giyar shinkafa a kwaɓin don ya yi sakwa-sakwa, haka ma jeungpyeon, farar wainar shinkafa mai ramuka, da makgeolli ake tayar da ita. Mai kiyaye wannan ya sayi na cikin kwali mai jerin sinadarai, ya ɗora kyamarar fassara ta waya a kai. Mafi sauƙin sha'ani shi ne gangjeong na riɗi ko gyaɗa da aka haɗa da ruwan zaƙi kawai. Ita kuma alawar nan mai zare-zare fari da samari ke ja suna waƙa a unguwar Insadong, suna cewa ta sarakunan dā ce, wasan kallonta ya fi tarihinta tsawo.

Kada ka sayi tteok, wato curin kwaɓin shinkafa mai danƙo irin su injeolmi, don tsaraba. Injeolmi da ake birgimawa a garin gasasshen waken soya yana da laushi da safe, kafin gobe ya yi tauri. Yakgwa da gangjeong su ne masu jure tafiya.

Sauran na ladabin kasuwa ne da aljihu. Kada ka zauna a benci kafin ka ga farashi, domin zama kamar ka yi oda ne, kuma in ku uku ne ba a son ku mamaye wuri da faranti ɗaya. A 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce a Koriya kan wata rumfa a wannan kasuwa da ta ba baƙi ɗan abinci kaɗan a kan kuɗi mai yawa, saboda haka ka nuna abin da kake so a allon farashi, ka ce “eolmayeyo?”, wato “nawa ne?”, kuma in an ce a haɗa maka da wani abu, ka tambayi sabon kuɗin kafin ka gyaɗa kai. Ba a taya abinci, ba a kuma barin tukuici. Ka riƙe takardun won (kuɗin Koriya) 1,000 da 5,000, domin ƙananan rumfuna da dama sun fi son tsabar kuɗi, kuma miƙa 50,000 a kan hotteok ɗaya neman harara ne. Romon da ke tukunyar eomuk, wato kwaɓin kifi na kan tsinke, kyauta ne ga wanda ya saya, ka ɗiba da kofin takarda, amma kada ka yar da tsinkayenka, da su ake lissafi. Kwandon shara yana da wuyar samu a titunan Seoul. Ka mayar wa mai rumfar kofinta da tsinkenta, ita za ta zubar.

In kana da zaɓin lokaci, ka je ranar aiki da hantsi, kafin ma'aikatan ofis su fito cin rana. A kwanakin da ke gaban bukukuwan Chuseok (na kaka) da Seollal (na sabuwar shekara) kuwa hanyar tsakiya ba masaka tsinke, kuma mai rumfa ba ta da sukunin karanta takardar tambayarka.