Yadda Ake Jagorantar Nazari Kan Hidimar Mata da Batun Aure a Ikkilisiya

Duk dattijon ikkilisiya ko shugabar zumuntar mata da aka ɗora wa nauyin jagorantar wannan nazari, abin da ya kamata a fara yi shi ne raba tambayoyin, domin jama'a kan cakuɗa su wuri guda alhali kowace da nata tarihin. Ko mace za ta iya wa'azi tambaya ce daban, ko za a naɗa ta ta yi baftisma ta kuma raba Jibin Ubangiji wata ce daban, sannan ga batun waɗanda ikkilisiya za ta ɗaura wa aure. Ikkilisiyoyin Angilikan na Kenya da Uganda sun daɗe suna naɗa mata firistoci, amma ba su yarda da auren jinsi ba, ita kuwa ta Najeriya ba ta karɓi ko ɗaya daga cikin biyun ba. Wannan misali kaɗai ya isa ya nuna wa masu nazari cewa amsar tambaya ɗaya ba ta yanke hukuncin sauran.

Bayan haka, sai jagora ya binciki koyarwar ɗarikarsa game da sakramenti, wato ayyukan ibada masu tsarki irin su baftisma da Jibin Ubangiji, tun kafin ranar zama. A wurin Katolika sakramenti bakwai ne, har da naɗin firist da aure, kuma a 1994 Fafaroma John Paul na Biyu ya bayyana cewa ikkilisiya ba ta da ikon naɗa mata firistoci. Duk da haka, koyarwar tasu ta yarda cewa idan rai na cikin haɗari kowa na iya yin baftisma, har ungozomar da ta karɓi haihuwa, kuma a tsarin Roma ango da amarya ne ke ba wa juna sakramentin aure, Fada shaida ne a madadin ikkilisiya. Yawancin Furotesta kuwa baftisma da Jibin Ubangiji kaɗai suke ƙirgawa, saboda haka muhawararsu ta fi karkata ga ikon koyarwa da shugabanci.

Wajen karanta Littafi Mai Tsarki ne aka fi yin son kai, don haka a nan ya dace a ɓata lokaci. A raba ayoyin ga mutane dabam-dabam, a karanta su da murya, kuma kada a ɓoye waɗanda ba su goyi bayan ra'ayin jagora ba. Wanda ya karanta 1 Timoti 2:11-12 da 1 Korantiyawa 14:34-35, inda aka hana mata koyarwa da magana a taro, sai a sa shi ya buɗe 1 Korantiyawa 11:5, inda Manzo Bulus, marubucin wasiƙar Korantiyawa ɗin nan dai, ya ambaci mata masu addu'a da annabci. A haɗa da Romawa 16, inda ya yaba wa Fibi mai hidimar ikkilisiyar Kankiriya, da Ayyukan Manzanni 18:26, inda Bilkisu da mijinta Akila suka ƙara wa Afolos bayani, da Galatiyawa 3:28, inda aka ce babu namiji ko mace, duka ɗaya ne cikin Almasihu. Tambayar da za a ajiye a gaban kowa ita ce: wane umarni ne na kowane zamani, wanne ne kuma ya shafi halin da ikkilisiyar Afisa, inda Timoti yake hidima, ko ta Koranti take ciki? A kan wannan ne malaman tauhidi suka rabu, ba a kan ko Nassi gaskiya ne ba.

Tarihi a taƙaita shi. An naɗa Florence Li Tim-Oi firist a 1944, mace ta farko a ɗarikar Angilikan, saboda ƙarancin limamai lokacin yaƙi a kudancin Sin, Cocin Ingila ya fara naɗa mata firistoci a 1994, ya kuma keɓe mace bishop ta farko, Libby Lane, a 2015.

Idan an zo kan aure, a fara da Farawa 2:24 da Matiyu 19:4-6, sannan a faɗi matsayin kowane ɓangare yadda masu shi za su amince an faɗa daidai. Taron Lambeth na 1998, wato taron bishop-bishop na Angilikan na duniya, ya tsaya a kan auren namiji da mace, ya kuma yi kira da a saurari masu sha'awar jinsinsu, a kula da su. Cocin Episkofal na Amurka ya bi wata hanya dabam, saɓanin da ya kai ga taron GAFCON, na 'yan Angilikan masu riƙe da tsohuwar koyarwa, a Urushalima a 2008. Amma a ganina jagora a ƙasar Hausa zai yi kuskure idan ya tsaya nan, domin tambayar da ta fi damun jama'arsa ita ce ta magidancin da ya tuba yana da mata biyu, da ko uwargida da amarya za su ci Jibin Ubangiji. Taron Lambeth na 1988 ya yarda a yi wa irin wannan mutum baftisma tare da iyalinsa, muddin ya yi alkawarin ba zai ƙara aure ba kuma jama'ar ikkilisiyarsa sun amince.

A lokacin zaman, a ba mata dama su fara magana kafin dattawa su yi, domin da zarar fasto ya faɗi ra'ayinsa, da wuya wata ta ɗaga hannu. A hana kawo sunan kowa a matsayin misali. Tambayoyin da suka shafi canza doka kuma a rubuta su, a miƙa wa majalisar ikkilisiya ta hannun magatakarda, tunda ajin nazari ba shi da hurumin yanke su.