Darasi na 9: Sabara a jigawa, yadda za mu bar ta ta rufe mana ƙasa

Iyayena da yayyena 'yan aji, yau darasinmu akan sabara ne, eh wannan sabarar dai da kuka sani wadda muke sassabewa duk bazara mu tara mu cinna mata wuta. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Daura zuwa Mai'aduwa ko Zango yaga yadda ƙasarmu take, jigawa ce, rairayi fari fat, ruwa na sauka ya shige, iskar hunturu na tasowa ta kwashe saman gona ta kai wani wuri. To irin wannan ƙasar sabara take so.

Da farko mu ganeta tukun. Ganyenta ƙanana ne, launin toka-toka, biyu biyu suke fitowa suna kallon juna, in ka juya bayan ganyen ka duba da kyau zaka ga ɗigo-ɗigo baƙi kamar an yayyafa barkono. Furenta dunƙule yake ruwan ɗorawa, 'ya'yan kuma duk gashi. Bata cika tsawo ba, in ana datse kanta sai tayi ta buɗewa gefe da gefe ta zauna iya gwiwa ko ƙugu, abinda muke nema kenan.

Ku je gindin wata tsohuwar sabara ku sa hannu. Zaku tarar ƙasar wajen ta ɗan yi tudu kuma tafi ta fili duhu da laushi, saboda duk ƙurar da iska ta ɗauko da ganyen da ya kaɗe nan suke taruwa su ruɓe. Manoma sun daɗe da lura geron da ke kusa da ita yafi kyan zangarniya. Masu bincike a ƙasar Senegal sun gano dalili, saiwarta tana nitsewa can ƙasa ta jawo ruwa, da dare sai ta saki wani a sama-sama inda saiwar gero take, gero ya sha. Wallahi ranar da na fara jin wannan sai da na tuna yawan sabarar da na ƙona da hannuna, raina bai min daɗi ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce kar ka tumɓuke wadda Allah ya riga ya baka. Kututturen da kake sarewa duk shekara yana raye, saiwarsa na nan. Maƙwabtanmu na Maraɗi tun shekarun 1980 suka kama wannan dabara, suna ce mata sassabin zamani, maimakon a share tas sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari a rage sauran. Mai son itacen girki sai ya bar 3 zuwa 5 su miƙe sama. Mai son rufin ƙasa, a bayan gida ko bakin lambu ko filin makaranta ko kan iyakar gona, shi kuma kan zai riƙa datsewa ya bar na gefe su bazu.

In kuma wajen babu ita ko ɗaya fa? Shuka iri yana da wahala, ba kullum yake tsirowa ba, gara kayi binne. Cikin damina wajen Yuli zuwa Agusta da ƙasa ta jiƙe sosai, sami uwar sabara, zaɓi reshe mai taushi na ƙasa-ƙasa, lanƙwaso shi a hankali kar ya karye, ɗan kankare ɓawon inda zai taɓa ƙasa, binne wajen kamar zurfin tafin hannu, ɗora dutse ko ka danne da itace mai baki biyu, kan reshen ya zama yana waje yana shan rana. Kar kayi gaggawa dan Allah. Sai ka tona gefe kaga farar saiwa ta fito da yawa sannan ka raba shi da uwar, ka ɗauko shi da ƙasarsa da yamma ko ranar da akwai hadari, ka dasa, tsakani taku 2 ko 3. Ranin farko ka riƙa bata ruwa ko rabin bokiti ne lokaci-lokaci, ka kewaye da ƙayar magarya saboda awaki. Ta kama, shikenan ta yaye kanta.

Tsakanin gindi da gindi in yaɗiya ta fito ku barta ta malala, ta rufe rairayin ga kuma kwaɗo. Duman kada ne bana baku shawara, tana rufe ƙasa kam amma tana cutar da tumaki da awaki in sun ci.

Da zarar wurin yayi inuwa zaku fara ganin baƙi, ƙudan zuma akan fure, ƙadangaru, hawainiya, bushiya da dare, in gefen gari ne har fakara da zomo. A hana yara harbinsu da gwafa da danƙo, ƙadangare da bushiya ƙwari suke cinye mana. Amma fa inda sanyi yake maciji ma yana so, musamman kububuwa, dan haka kar a dasa dab da ƙofar ɗaki ko inda yara ke kwanciya, kuma kar a tura hannu gindinta sai an fara bugawa da sanda. Iyayenmu mata masu ɗiban ganye dan wankan jego ko jiƙo, a tsinka daga gindi daban-daban, kar a tsige guda ɗaya tas.

Aikin gida: kowa ya rubuta kalmomin nan sau 5 a littafinsa, sabara, saiwa, jigawa, reshe. Sannan ka ƙirga gindin sabara nawa ne a gonarka ko bayan gidanku, ka rubuta adadin da lamba, ka tsinko ganye ɗaya ka zo dashi aji mu duba ɗigon bayansa tare.